Injin Kwalekwalen Baba

Tun da muka dawo daga Kwatano ban huta da bayani ba. Duk wanda ya shigo shagona a Gusau, ko batir ya zo saya ko waya, sai ya jingina da kanta ya ce, "Nasiru, wai da gaske ne ka kai tsoho har bakin teku don sayen fanka?" Na gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in zauna in faɗa sau ɗaya, daga farko har ƙarshe. Ba fanka ba ce, injin kwalekwale ne mai aiki da batir. Kuma ba ni na ja tsoho ba, shi ya kafe sai ya bi ni.

Mahaifina, Malam Mainasara, masunci ne a gulbin Bungudu tun kafin a haife ni. Da kifi ya ciyar da mu, da kifi ya yi wa yayana Lawal karatu har ya samu aiki a sakatariya. Bara kafaɗarsa ta dama ta ƙi. Likita ya duba ya ce gaɓar ta cinye, in ya ci gaba da jan filafili, nan gaba ko hula ba zai iya sa wa kansa da hannun ba. Aka jawo kwalekwalen aka kife a gindin ɗorawa, Baba ya koma zaman ƙofar gida. Ba kwance yake ba, amma kullum na je sai in ga ya ragu. Tuwon da Inna ta kai masa rabi ke dawowa. Yaya Lawal kuwa ya riga ya samo wanda zai sayi kwalekwalen.

"Mutumin da 'ya'yansa ke aiki, me zai yi cikin ruwa?" in ji shi. "A sayar, ya huta."

Ni sana'ata haɗa sola ce, kuma na san abin da batir mai kyau zai iya. Injin fetur ba zai yi wa Baba ba. Yana da nauyi, sai an finciki igiya yake tashi, da kafaɗar nan da ta mutu, ga tsadar mai, ga ƙarar da ke korar kifi. Na taɓa ganin ƙaramin inji na lantarki a waya, wanda ake ɗaurawa a bayan jirgi, yana tura shi a hankali. Na tambaya a Kano da Kaduna ban samu ba. Sai wani mai saye a wurina, Alhaji Sabi'u na Tsafe, wanda ke sayo kayan mota a Kwatano, ya kalli hoton ya ce ya sha ganin irinsa a bayan tashar jiragen ruwa. Na roƙi Yaya ya dakata da cinikin har in dawo. Ya ce ya ji, amma ba zai jira har abada ba.

Na gaya wa Baba. Can ya ce, "In ka tahi kai ɗai, abin da ya yi maka kyau za ka sawo. Ni kuwa ni za ni shiga ruwa da shi."

Ban yi musu ba. Na yi mana takardun tafiya da allurar rigakafi. Kafin mu tashi na sa aka tura kwalekwalen cikin ruwa, na auna tsayin bayansa daga baki zuwa ruwa da igiya, na ƙulla, na jefa igiyar a aljihu.

A Tsafe muka haɗu da Alhaji Sabi'u. Mutum ne mai jiki, mai son farar babbar riga, ba ya rabuwa da raha. Sai da rana ta ɗaga sosai muka kama hanya, motoci a jere, don kowa ya san yadda hanyar take a 'yan shekarun nan. Daga Kucheri har muka hango Funtua babu wanda ya yi magana a motar, har shi Alhajin, sai carbi. Da muka shiga gari ya sauke numfashi, ya buɗe kwanon dambun naman da Hajiyarsa ta haɗo mana, hira ta dawo.

Tafiyar doguwa ce, ba zan gajiyar da ku da sunayen garuruwa ba. Sai washegari, a gadar Jebba, Baba ya fara nuna yana cikin motar. Ya dafa kafaɗar direba ya ce a tsaya. Da muka tsallake muka faka, ya koma da ƙafa ya tsaya yana kallon Kwara. Na ce, "Baba, yaya ka gani?"

Ya ce, "Ashe mu a kwatami muke wasa."

A Ilori muka kwana, gidan wani abokin cinikin Alhaji. Aka kawo mana amala, baƙi wuluk. Baba ya dube shi ya dube ni, ya tambaya a hankali ko tuwon ƙonewa ya yi. Ya gutsira don kada maigida ya ji kunya, ya dangwali miyar, sai fuskarsa ta saki. "Ai lalo ne," in ji shi. Ya cinye tas, abin da bai yi a gida ba tun watanni.

Ikko ba mu ga komai nata ba sai bayan motocin da ke gabanmu. A iyakar Seme kuwa na sha ɗan tashin hankali. Bayan an buga mana hatimi, na tsaya canjin kuɗi, Alhaji ya tafi neman mota, kowa na zaton Baba na wurin ɗan'uwansa. Da muka haɗu babu Baba. Na zaro waya, layina ya mutu tun da muka tsallako. Na kutsa cikin jama'a ina tambaya, kowa na amsa mini da Faransanci. Can gefen titi na hango hularsa. Yana tsugune a tsakiyar wasu mata masu sayar da kifi, ya riƙe wata koma da ɗayarsu ke ɗinki, yana nuna mata yadda muke ƙulla tamu, ita kuma tana nuna masa tasu. Ba mai jin yaren wani. Na ce, "Baba, hankalinmu ya tashi."

"Mi ya hwaru? Ni ban ɓace ba, ku ne kuka tahi."

A Zangon Kwatano muka sauka, gidan maigidan Alhaji. Mutanen unguwar Hausawa ne haihuwar can, Hausarsu rabi Faransanci. Da safe burodi ake ci dogo kamar sanda, mai tauri, wanda Baba sai ya jiƙa a shayi yake iya taunawa. 'Yan acaɓa duk rigarsu ruwan ɗorawa ce, kuma fetur a manyan kwalabe ake jera shi bakin titi kamar man gyaɗa. Da azahar shaguna da yawa rufewa suke yi a tafi hutu, ko mai saye na tsaye. Abin da ya fi damun Baba shi ne gaisuwa. Zai fara da kwana, ya nufi gajiya da iyali, kafin ya kai rabi mutumin ya yi gaba.

Shagon da muka je nema yana wani lungu bayan tashar jiragen ruwa, cike da tsofaffin kayan da ake kawowa daga Turai: igiyoyi, fitilu, rigunan ceto, injuna. Mai shagon mace ce, ana ce mata Madam Odil, ta girma a Jugu, can arewacin ƙasar cikin Hausawa, don haka tana jin Hausa. Baba ya raɗa mini ko za mu jira mijinta ya zo. Ta ji shi. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, mijina tela ne. Jiragen kamun kifin da ke gidanmu nawa ne."

Daga nan ya gyara zama.

Ta fito mana da inji uku. Kowanne kamar doguwar sanda yake, sama akwai mariƙin da ake murɗawa, ƙasa akwai kan inji da farfela. A ƙofar shagon akwai duro cike da ruwa, a bakinsa ake ɗaure inji a gwada.

Na farkon babba ne, batir biyu yake ci. Ina ganinsa raina ya biya, don mu masu aikin wuta ƙarfi ke burge mu. Madam ta tambayi ruwan da za a shiga da yawan mutanen da kwalekwalen ke ɗauka. Muka ce gulbi ne, mutum biyu da kayansu. Ta ce to wannan na jirgin da ke ɗaukar jama'a ne, amma in muna so ta sayar mana. Baba ya tashi ya kama shi da hannun hagu, ya ɗaga, bai kai gwiwa ba ya ajiye.

"Wa zai riƙa kai mini shi bakin gulbi kullum? Kai kana Gusau."

Magana ta ƙare a nan.

Na biyun sabo ne fil a kwali, yana ƙyalli. Alhaji ya ce mu ɗauka kawai, sabo ai sabo ne. Na nemi izini na kwance murfin kansa. Wayoyin ciki sirara ne kamar na rediyo. Muka jona shi da batir muka bar shi yana juyi cikin duro, ba a jima ba na taɓa wayar na ji ta yi zafi. Na ce wannan ba zai kai damina mai zuwa ba. Madam ba ta ji haushi ba, ta ce ita ma karɓa ta yi a madadin wasu kaya.

Na ukun tsoho ne, fentinsa ya kakkarce, batir ɗaya yake ci. Wayoyinsa masu kauri ne, ba tsatsa a ciki, ba alamar ruwa ya taɓa shiga kan injin. Giyarsa biyar gaba, uku baya. Na zaro igiyata na gwada, sai na ga sandar ta fi abin da muke bukata tsawo. Madam ta nuna mini wani zobe da ake sassautawa a ɗaga sandar ko a sauke. Ta ce farfela ta nutse kamar taƙi ɗaya a ƙarƙashin ruwa, in ta yi sama iska za ta riƙa sha tana ƙara, in ta yi ƙasa za ta ci yashi. Baba ya ɗaga shi da hannu ɗaya har ƙirji. Muka ɗaura a duro, na ce ya murɗa a hankali. Ya murɗa ɗaya, ruwa ya fara kewayawa, ba ka jin komai sai ɗan gurnani. Ya ji daɗi ya murɗe har ƙarshe. Rabin ruwan duron, baƙi da dattin mai, ya tashi ya sauka a kan farar babbar rigar Alhaji.

Alhaji ya dubi kansa ya ce, "To, ni dai na shaida yana da ƙarfi."

Muka yi ciniki. Na ƙara da farfela ɗaya ta ajiya da 'yan ƙusoshin da ke riƙe ta, don in ta daki dutse su ne ke karyewa su ceci injin. Batir ban saya ba, wannan fannina ne. Madam ta ce duro ba gulbi ba ne, kada mu bar garin ba mu gwada a ruwa ba. Ta haɗa mu da ƙanenta, ya ara mana batir ya kai mu tafkin da ke bayan gari, muka ɗaura injin a jirginsa.

A tafkin nan akwai gari guda da aka gina a kan ruwa. Gidaje a kan dirkoki, makaranta a kan dirkoki, kasuwa kuwa cikin kwalekwale ake cinta. Mata ne ke tuƙi, da goyo a baya, suna sayar da tumatir da itace. A gida ban taɓa ganin mace riƙe da filafili ba. Suna kafa rassan itatuwa cikin ruwa su kewaye wuri, kifi ya taru ya yi ƙiba a ciki, kowa da nasa kamar gona. Baba ya yi tambayoyi har ƙanen Madam ya gaji da fassara. Ta ƙarshe ita ce, "In mutum ya cika, ina kuke kai shi?" Aka ce tudu ake kai shi. Ya gyaɗa kai, kamar wannan ce kaɗai ta dame shi.

Sannan aka ba shi mariƙi. Abin da ba mu gaya masa ba shi ne, in ka tura mariƙin dama, jirgi hagu yake yi. Ya ga shingen rassa a gabansa, ya tura don ya kauce, sai jirgin ya nufi shingen kai tsaye. Muka kutsa cikin gonar kifin wani. Mai ita yana can gefe, ya miƙe tsaye cikin jirginsa yana ta faɗa. Ƙanen Madam ya ba shi haƙuri, ya nuna furfurar Baba, mutumin ya sassauta. Na murɗa giyar baya muka fito. Na zaci Baba zai ce na karɓa, amma bai saki mariƙin ba. Ya sake gwadawa, ya yi dama, ya yi hagu, har hannunsa ya gane. Muka wuce ta kusa da wasu balbelu da ke tsaye kan rassa, ko ɗaya bai tashi ba. Baba ya dube su, ya dube ni, ya yi dariya.

A dawowa, jami'an kwastam sun ɗan yi gardama tsakaninsu a kan ko fanka ce ko injin yankan ciyawa. Na nuna musu hoton da na ɗauka a tafki, muka biya abin da doka ta ce, muka wuce. Wurin da abin ya so ya zama babba shi ne shingen sojoji kafin Tsafe. Mun naɗe injin cikin buhu mun ɗaure, farfelar na cikin jakata. Sojan ya buɗe bayan mota ya ga dogon abu mai kai a naɗe, ya ja da baya, ya ce kowa ya fito ya tsaya gefe. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne abin da zan zata ke nan a wannan hanyar. Babbansu ya zo ya ce in kwance da kaina, a hankali. Na kwance, na ɗaura farfela, na roƙi direba ya buɗe gaban mota, na jona da batir. Farfela ta juya. Babban nasu ya sunkuya yana kallo, ashe mutumin Yawuri ne, ɗan bakin ruwa.

"Baba, kai ne masuncin?"

"Ni ne."

"Yana hawa ruwa in ruwan na gudu?"

"Ban gwada ba tukuna. In ka biyo ta Bungudu ka tambayi Mainasara."

Ya taya mu mayar da shi cikin buhu da hannunsa.

A gida aiki ya koma kaina. Kwalekwalenmu bayansa tsini ne, ba inda za a maƙala inji, don haka na sa kafinta ya gicciya katako mai kauri kusa da bayan, ya fito ta gefen hagu, inda hannun Baba mai lafiya zai kai. Batirin mota ba ya wannan aiki, in ana zuƙe shi kullum ba ya daɗewa. Na sola mai ruwa a ciki kuma ya yi wa tsoho nauyi. Mara nauyin da nake da shi ɗaya ne, wanda ke ba gidana wuta. Na cire shi, matata ta ce ba komai, amma in san zafi na zuwa. Na sa shi cikin akwatin roba mai murfi, na ɗaure a tsakiyar kwalekwale don kada baya ya nutse, na sa abin da ke yanke wuta in waya ta haɗu. Faifan solar da zai riƙa cika batirin na kafa shi a kan ɗakin Inna. Na gaya wa Baba abu uku: giya ta biyar shan batir take yi, ya zauna a biyu ko uku, kullum ya dawo ya duba bayan farfela ko zare ya naɗe, kuma filafili ya zauna cikin jirgi ko ba zai taɓa shi ba.

Ranar da muka fara sa shi a gulbi, ƙarshen damina ne, ruwa na da sauran ƙarfi. Masunta sun taru a gaɓa, wasu na murmushi. Ba mu yi nisa ba injin ya yi gurnani ya tsaya, ruwa ya fara janmu baya. Na ji dariya daga tudu. Na kashe, na karkato sandar sama, sai ga ciyawa ta cika farfela. Na warware da hannu, na ɗan ɗaga zoben, na ce Baba ya bi tsakiya ya bar gefe. Ya murɗa uku. Kwalekwalen ya tsaya cik yana kokawa da ruwan, sannan ya fara hawa. Muka wuce mashaya, muka wuce gonakin rake, har gurbin da ya fi shekara bai gani ba. A can ya mayar da shi ɗaya, jirgi na tafiya kamar mai sanɗa, ya riƙe mariƙi da hagu, yana sakin mamari da dama, ƙugiya bayan ƙugiya. Washegari muka ɗago tarwaɗa da ƙurungu, ba masu yawa ba, amma Inna ta yi miya da su har ta aika wa maƙwabta.

Na yi 'yan kwanaki ina shiga tare da shi. Wata safiya muka ɗaura inji, na ɗaure batir, na sa ƙafa ɗaya cikin kwalekwale, sai ya ce, "Sauka."

Na ce, "Baba, ko yau kaɗai."

"Shagonka na ruhe. Sauka."

Na sauka. Na tura masa jirgin, ya yi bisimilla, ya murɗa. Ina tsaye ruwa na dukan idon sawuna, ina kallonsa yana hawa, bai waiwayo ba har ya sha kwana. Ban bar wurin ba wayata ta yi ƙara. Yaya Lawal ne, ya zo daga Gusau gaida su, ya tarar da Inna ita kaɗai.

"Nasiru, na zo gida ban ga Baba ba. Ina yake?"

Na ce, "Yaya, sai dai ka jira. Ya tafi aiki."